Kaka da fasinjar da kowa ya ƙi ɗauka

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, motocin haya sun cika layinmu a Kwangila har zuwa bakin titin jirgi. Ban taɓa ganinsu a tsaye shiru haka ba. Babu mai danna hon, babu mai kiran Bosso ko Chanchaga. Direbobi sun zazzauna a tabarmi a ƙofar gida, wasu da makullan mota a hannu suna ta juya su, kamar ba su san inda za su ajiye ba. Ni ina bayan ƙyauren zaure, inda na saba tsayawa idan gida ya cika.

Mai faci na bakin tasha, abokin Kaka tun suna samari, ya zo hannuwansa baƙi ƙirin, ko wankewa bai tsaya yi ba. Ya zauna, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Mutumin nan ya tafi da zagina a bakinsa. Kwanan nan ya aiko mini wai facina ba ya kaiwa la'asar." Aka ɗan yi dariya. Shi ma ya fara dariyar, sai ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suka kama rawa.

Abbanmu yana tsaye yana karɓar gaisuwa. Na lura takalman Kaka ne a ƙafarsa, sun yi masa kaɗan, dugadugansa suna taɓa ƙasa. Ban sani ba ko da gangan ya saka.

A cikin gida kuwa Iya, kakarmu mace, tana zaune da carbi, ba ta kuka. Duk wadda ta shigo ta yi addu'a sai ta ce amin. Wata baƙuwa ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da bai taɓa faɗa da kowa ba."

Iya ta ɗaga kai ta dube ta. "Ke dai ba ki zauna da shi ba," ta ce.

Da la'asar sai ga Anti mai asibiti, maƙwabciyarmu ta bayan gida. Daga wurin aiki ta taho, da yunifom ɗinta, ta yafa wani mayafi da ta aro. Ta durƙusa gaban Iya ta gaishe ta. Can ta ce, "Mama, Baba ya sauke ni." Shi ne Iya ta ajiye carbi ta kama hannunta, suka yi kukan tare.

'Yan uwanmu da suka zo daga Kano suka tambayi Umma, wace ce wannan. Umma ta ce, "Fasinjarsa ce." Suka gyaɗa kai, aka ci gaba da wata magana.

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni. Gaskiya ce, amma ta yi kaɗan. Ƙannena sun san Kaka a matsayin tsoho mai yana a ido, wanda yake wuni a kan tabarma yana tambayar ƙarfe nawa. Ba su san direban ba. Ni ba mai magana ba ce, a zaman makokin nan ban iya buɗe baki na faɗa wa kowa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

A nan Kwangila aka haifi Kaka. Mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, amma Kaka ya ce shi ba zai iya tuƙa abin da ba ya tsayawa idan an ɗaga masa hannu ba, sai ya koyi mota. Tasi ce tsohuwa, tsakanin Chanchaga da Bosso, ta bi ta Tunga. Ƙofar baya ta dama ba ta buɗuwa ta ciki, sai ya fito ya zagayo. An sha ce masa ya gyara, ya ƙi. Iya ta ce don ya riƙa samun dalilin yin sallama da kowane fasinja ne. A kan dashbod akwai goro a cikin ganye, da tsumma mai ruwan ƙasa wanda ba ya yarda kowa ya taɓa. A but ɗin motar kullum akwai jarkar ruwa saboda lagireto, da buta, da tabarmar salla.

Abin da aka san shi da shi a tasha shi ne zaunar da mutane. A lokacin mutum biyu ne a kujerar gaba, huɗu a baya. Sauran direbobi ɗan kamasho suke bar wa lodi. Kaka kuwa da kansa yake yi. Sai ya tsaya ya ƙare wa fasinjoji kallo kamar tela yana auna yadi.

"Hajiya, ke da albarkar jikin nan, koma gefe. Malam, kai siriri ne, tsakiya taka ce. Ɗan makaranta, matsa gaba, ka jingina da kujera. Yawwa. A matsa, a matsa, duk gida za mu."

Ba ya haɗa matashi da matar aure a gaba. Ba ya sa mai amai nesa da taga. Yana gaida Gwarawa da harshensu, Nufawa da nasu, su yi ta dariyar yadda yake lauya baki, shi ko a jikinsa. Kuma yana da wata kalma da ba ya faɗinta da wasa. Idan ya ce wa mutum "na ɗauke ka", to magana ta ƙare. Ko mota ta lalace a hanya, sai ya tsaya a bakin titi ya tare wata ya saka ka, ya gaya wa direban inda za ka sauka, sannan ya koma kan tasa. Ya kan ce fasinja ba kaya ba ne da za a ajiye a gefen hanya.

Ni kuma amaryarsa ce. Haka yake kirana tun ban san ma'anar kalmar ba. A kwano ɗaya muke cin tuwo, yana turo mini nama yana cewa, "Ci, amarya, kada a ce mijinki direba ne amma kina rama." Idan na sunkuyar da kai don kunya sai ya ce wa Iya, "Kin gani ko? Tarbiyya ke nan, ba irin taki ba."

Ina aji shida na firamare korona ta zo. Da zafi ne, ganiyar mangwaro. Aka rufe makarantu, aka sa dokar kulle. Titin da ba ka iya tsallakawa sai ka yi addu'a ya koma fili, awaki suna kwance a tsakiyarsa. Ranakun da aka buɗe don cefane, aka ce kowace mota ta rage mutane: ɗaya a gaba, biyu a baya, kowa da takunkumi. Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar tasha. Kuɗin mota ya hau. Mutane da yawa suka koma tafiya a ƙasa, wasu suka koma hawa mashin, wai gara iska ta buge su da su shaƙi numfashin wani. Waɗanda suke shiga tasi kuwa kowa ya manne da ƙofarsa, ba hira, ba gardamar siyasa. In wani ya yi tari sai ka ga idanu sun juyo a saman takunkumi.

Kaka ya dawo gida ranar farko yana ƙunƙuni. Ya ce motar ta yi masa sakayau a hannu, kamar an cire mata hanji. Ya ce kuma mutane sun saba, da an shiga kwana sai su gangaro su haɗu a tsakiya, sannan su zabura su rabu suna harare-harare. Washegari ya shiga shagon Abba, wanda tela ne, ya cika buhu da ƙyallaye, ya ɗaure bakinsa, ya ɗora masa tsohuwar hula, ya zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya.

"Wannan Alhaji ne," yake gaya wa fasinjoji. "Ba ya biya, ba ya sauka, ba ya tari. Kar wanda ya matsa masa."

Har jami'an da suke shingen hanya sun san Alhaji. Kaka ya ce wani cikinsu kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyarsa.

Anti kuwa 'yar kudancin Kaduna ce. Ɗaki ɗaya take haya a gidan da yake bayan namu, ita da 'ya'yanta biyu. Mijinta yana aikin leburanci can wajen Zungeru, kulle ya rutsa da shi, aikin ma ya tsaya. Ita shara da wankin zannuwa take yi a asibiti, da wannan aikin kaɗai suke ci. Tana da katin aiki, jami'ai ba sa hana ta wucewa. Mutanen tasha ne suka hana ta.

Sun san ta, shekara da shekaru suna ɗaukarta. Amma da aka ji an fara kwantar da masu cutar a asibiti, ta shiga mota wata safiya, sai mutanen ciki suka buɗe ƙofa suka fita. Direban, wani dogo mai faɗa, ɗan wani abokin Kaka da ya rasu, ya ce mata, "Madam, don Allah sauka. Mota ta cika." Alhali babu kowa a ciki sai ita. Daga ranar kowace mota ta cika. Masu mashin idan sun hango yunifom sai su ƙara wuta. Ta gwada sa atamfa ta ɓoye yunifom a jaka, amma fuskarta ba ta ɓoyuwa.

Sai ta koma tafiya a ƙasa. Asibitin da nisa, kuma ba ta iya fita kafin ta sallami yara. Ta yi ta makara, har shugabarsu ta ce ma'aikata sun yi ƙaranci, ba za a iya jiran kowa ba, in ta sake makara a nemi wata.

Wata la'asar na ji tana gaya wa Umma wannan ta saman katanga. Umma tana tsaye nesa-nesa, ta rufe hanci da gefen hijabi. Ta ɓangaren da katangar ta zube na hango ƙafafun Anti a cikin roba da ruwa, sun kumbura, yatsun kamar za su fashe. Ta ce, "In sun kore ni, sai dai in kwashe yara mu koma ƙauye. Kuma ko motar ƙauyen wa zai ɗauke ni?"

Kaka yana tsugune yana alwala. Ya gama wanke ƙafar hagu, ya ajiye buta, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Bai ko matsa kusa da katangar ba.

"'Yata," ya ce, "gobe in an fito daga masallaci ki same ni a ƙofar gida. Na ɗauke ki."

Na ga Umma ta runtse ido.

Abba bai ji ba sai da magariba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Kuma ba zan ce Abba bai da gaskiya ba. Kaka ya tsufa, yana da hawan jini. Iya tana da ciwon suga. Ƙanina na goye yana tari tun kafin korona.

"Baba, matasa ma sun ƙi," in ji Abba. "Masu ƙarfi a jika sun ƙi. Kai ne za ka ɗauko mana ita har cikin gida?"

"Ita wa? Cutar ko matar?"

"Ka san abin da nake nufi."

"In ka kwanta a asibitin nan gobe, wa zai wanke zanin da za a shimfiɗa maka? Aljanu?"

"Ni dai ba zan zuba ido ka kashe kanka ka kashe mana yara ba. Ba ni makullin."

Abba ya miƙa hannu. Kaka ya dubi hannun ya daɗe, sannan ya ce, "Ni na koya maka cin tuwo da hannun nan." Ya shige ɗaki. Muka ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya fito da tabarma a hammata, da filo, da rediyonsa, da buta. Ya wuce mu ya shiga zaure ya shimfiɗa.

"Kana da gaskiya a kan yara," ya ce daga can. "Daga yau nan ne ɗakina. Kada wanda ya ƙetare dokin ƙofar nan. Amma makulli yana aljihuna."

Iya ta ce, "To, Sarkin taurin kai, sauro ya samu nama." Sai dai ita ce ta aika masa da gidan sauronta.

Haka muka shiga azumi. Umma ta ɗiga jan farce a gindin kwano ɗaya da kofi ɗaya da cokali ɗaya, don kada su gauraya da namu. Idan an kusa shan ruwa sai a ajiye masa a bakin ƙofa, a ja da baya, ya miƙo hannu ya ɗauka. Ni sai in zauna a tsakar gida daidai inda zan riƙa hango rabin fuskarsa, in ci nawa. Wani lokaci ya kan ɗaga tsokar nama ya nuna mini.

"Amarya, ga rabonki. Na cinye miki, Allah ya ba ki lada."

Sai in yi dariya, in ci gaba da cin nawa ni kaɗai.

Kada wani ya ce Kaka bai ji tsoro ba. Ya ji. A rediyo aka ce mai cutar yakan daina jin ƙanshi da wari. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya tada mota, sai ya waiga ya ga babu mai kallonsa, ya buɗe murfin tanki, ya sunkuya ya shaƙi fetur. Idan warin ya bugi hancinsa ya yamutsa fuska, sai in ga ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da murfin. Ta ramin ƙyaure nake ganinsa. Ban taɓa gaya masa ba.

Kuma babu direban da ya kai shi bin doka. Anti a baya take zama, can kusurwar da ta fi nisa da shi, Alhaji a gefenta, gilasai duk a sauke ko da ana yayyafi. Ita ce ta koya masa yadda ake wanke hannu har tsakanin yatsu, da yadda ake cire takunkumi ta igiya ba ta gaba ba. Idan ya sauke ta sai ya wuce tasha, ya tsaya a inda kowa zai gan shi, ya wanke kujeru da hannayen ƙofa da ruwan sabulu, ya bar motar a rana ta bushe, sannan ya shiga layi.

Duk da haka labari ya bazu. Aka sa wa motarsa suna motar korona. Idan layi ya zo kansa, fasinjoji sai su tsaya su jira ta bayansa. Dogon direban nan ne ya fi kowa baki. Mai faci ya ba mu labarin ranar da suka yi ta a gaban jama'a.

"Baba, kana kashe mana kasuwa," in ji dogon. "Mutane sun fara cewa duk tashar nan ta kamu."

"Kai da kake kwana a gidan kallon ƙwallo, kuna numfashi a bakin juna, kai ne mai tsoron cuta?"

"An rufe gidan kallo, Baba."

"Ƙofar gaba aka rufe. Ni na san ta baya."

Aka kwashe da dariya, dogon ya fusata. Shugaban tasha ya ja Kaka gefe, ya ce masa da girma da arziki ya zaɓa, ko matar ko layi. Kaka ya ce, "Ranar da uban yaron nan ya faɗi a bakin titi, ni na ɗauke shi, yana aman jini a kujerata, ban tambayi sunan ciwonsa ba. Ku riƙe layinku." Ya ja motarsa ya fita.

Daga nan ya koma tsintar fasinja a hanya, waɗanda ba su san sunan motar ba. Wata rana ya samu, wata rana ya dawo da Alhaji kaɗai. Miyar gidanmu ta canja, kowa ya gani, ba wanda ya yi magana. Ma'aikatan asibiti biyu da suka ji labari suka fara jiransa a Tunga, su ma an sha sauke su. Ya kan ce yanzu shi direban likitoci ne, a riƙa yi masa magana da ladabi.

Yana da nasa laifin. Ya yi fushi da Abba fiye da yadda ya kamata. Abba yakan tsaya a bakin zaure kowace safiya ya gaishe shi, Kaka ya amsa da "lafiya" guda ɗaya, ya ƙara muryar rediyo. Ran salla ma haka. Iya ta yi masa magana, ya ce ta bar shi, ita ma ai da bakinta a ciki, alhali ba ta goyi bayan kowa ba ranar. Ta yi kwanaki ba ta leƙa zauren ba.

Abba bai iya ba da haƙuri da baki ba, shi ma ɗan ubansa ne. Lokacin ɗinkin takunkumi yake yi, tun da babu mai kawo ɗinkin biki. Wata safiya na ga ya ajiye wani a kan murfin kwanon kunu, mai rufi uku, da yadi irin na rigar Kaka ta Juma'a. Kaka ya ɗauka ya jujjuya.

"Wane tela ne ya yi wannan? Ya matse mini kunne. Ko a ƙauyen Gwada an fi shi iya ɗinki."

Bai sake sa wani takunkumin ba sai shi, har ya koɗe.

Cikin damina abubuwa suka fara sassautawa. Aka daina kulle, shingaye suka ragu. Wata rana da aka yi ruwa mai iska, zaure ya jiƙe sharkaf, Abba ya shiga ya naɗe tabarmar ya ɗauki rediyo ya kai ɗakin Iya. Kaka ya biyo shi a baya da buta yana faɗan an taɓa masa kaya. Shi ke nan komawarsa cikin gida. Babu wanda ya kamu a gidanmu, Anti ma ba ta kamu ba, kuma ba ta sake makara ba.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Lokacin da aka buɗe makarantu, motoci sun koma cika kamar da, takunkumi ya koma ƙarƙashin haɓa, Alhaji ya koma shagon Abba. Anti kuwa har lokacin ba ta taka tasha ba. In Kaka yana da uzuri, gara ta tafi a ƙasa. Ta gaya wa Umma cewa ko ta hango ƙofar tashar sai ta canja hanya.

Kaka kuma idonsa ya fara rauni. Ni na riga kowa sani, don lokacin na shiga sakandare, shi yake kai ni tare da Anti. Na ga yadda yake matso da fuska kusa da gilas, yadda yake goge shi da tsumman nan alhali babu datti. Wata safiya ya kusa hawa kan mai baro. Da ya tsaya na ga ya daɗe riƙe da sitiyari. Ya san ya kusa ajiye mota. Ya kuma san in ya ajiye, Anti za ta koma tafiya a ƙasa, makara ta dawo, aikin ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki, muka shiga mota kamar kullum, sai ya karya kan mota ya shige tasha. Rabonsa da ita tun ranar da ya fita. Anti ta dafa kujerarsa.

"Baba, ina za mu?"

"Yau ba ni ne a layi ba. Ku sauko."

Ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta ƙi motsi. Ya tsaya riƙe da ƙofar, bai lallashe ta ba, bai kuma sake ta ba, har ta sauko. Da yunifom take. Tashar ta yi tsit daga wannan gefe zuwa wancan, har mai shayi ya tsaya da ludayi a sama.

Motar da take lodi ta dogon direban ce. Mutum biyu a gaba, a baya wani dattijo da wani mai jaka. Kaka ya wuce ɗan kamasho kamar bai gan shi ba, ya buɗe ƙofar baya, ya ƙare musu kallo.

"Malam, matsa can jikin ƙofa. Mai jaka, ɗora ta a cinya. 'Yata, shiga."

Ta shiga, ta zauna a bakin kujera kamar wadda take jiran a ce ta tashi. Mai jakar ya dube ta, ya dubi yunifom, ya buɗe baki, ya ce a ba shi hanya. Ya fita. Dogon direban yana tsaye da makulli a hannu, ya dubi wanda ya fita, ya dubi Kaka.

Sai Kaka ya dafa kaina. "Amarya, shiga. Matsa jikinta sosai, akwai mai zuwa."

Na shiga. Kafaɗata ta manne da tata, cinyata da tata. Tana ƙanshin sabulun wanki. Jikinta yana rawa kaɗan-kaɗan, irin rawar da ba a gani sai an jingina da mutum. Kaka ya juya ya fuskanci dogon.

"Ga jikata, ga 'yata. Ɗaya makaranta, ɗaya asibiti. Ka ɗauke su ko ba ka ɗauke su ba?"

Dogon ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Saura mutum ɗaya, Baba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Kafin ya amsa sai ga wata mata ta taho da sauri, da daron sabuwar doya a ka, da jariri a baya, tana haki tana tambaya ko ta Bosso ce. Ɗan kamasho ya sauke mata daron ya nufi but da shi. Ta kwance goyo. A motocin garin nan, mace in za ta shiga da jariri, miƙa shi take yi ga duk wanda yake ciki ya riƙe mata har ta gyara zani ta zauna. Tun zuwan korona ban sake ganin an yi ba. Ta sunkuyo, ta dube ni ta ga yarinya ce riƙe da jakar makaranta, sai ta tsallake ni ta miƙa wa Anti.

"'Yar uwa, riƙe mini."

Anti ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce a hankali, "A asibiti nake aiki."

"To ai kin fi ni iya riƙo. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Ta karɓa. Yaron ya kama wuyan yunifom ɗinta ya cusa a baki. Matar ta shigo ta matse mu, ta ja ƙofa, ta fara faɗan tsadar mota. Dattijon gefe ya ce ai ba a ga komai ba tukuna. Dogon direban ya shiga ya tada mota, ya leƙo ta taga.

"Na ɗauke su, Baba."

Kaka ya buga bayan motar sau biyu da tafin hannu, yadda ake yi in lodi ya kammala. Da muka fita na waiga ta gilashin baya, na gan shi ya riga ya juya, ya nufi rumfar mai faci yana nuna wata taya da ɗan yatsa. Matar ba ta karɓi ɗanta ba sai da muka kai ƙofar asibiti.

Kafin ƙarshen shekarar Kaka ya miƙa wa Abba makullin da kansa. Anti tana nan a wurin aikinta har yau, kowace safiya a tasha take shiga mota.

Allah, ga bawanka nan ya iso gare ka. Bai taɓa barin wanda ya ɗauka a gefen hanya ba. Kada ka bar shi, ka yafe masa fushinsa, ka sauke shi a gida mafi kyau.